Gonar Maikano Mai Ciyar da Kanta

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Ɗanlami mai shayi a Sabon Garin Wudil ya san ba a rufe zance sai Malam Maikano ya sa baki. Direba ne a jami'a, shekara talatin da huɗu yana ɗaukar malamai yana saukewa, kuma a ganinsa duk abin da aka faɗa a kujerar baya ya shiga kansa ya zauna daram. In ana zancen ciwon ƙoda, ai ya taɓa kai wani farfesa Zariya. In ana zancen tsadar taki, ya ji daga bakin masu abin. Matsalar guda ce, shi kuwa bai taɓa ɗaukarta matsala ba: direba ba ya jin magana har ƙarshe. Ana tsakiyar bayani sai a iso, mai maganar ya buɗe ƙofa ya fita da sauran. Don haka ilimin Maikano yana da yawa ƙwarai, sai dai duk rabi-rabi ne.

Da takardar ritaya ta zo, aka ce saura wata huɗu ya ajiye makullin mota, gabansa ya faɗi. Ya ga tsofaffin abokan aikinsa da suka riga shi, yadda rigunansu suka koɗe, yadda suke tsawaita gaisuwa a gidan da aka sauke tukunya. Wannan yake tsoro, tsoro na gaske. Amma da ya zo majalisa sai ya karkata hula ya nemi shayi mai kauri.

"Malam Maikano, an ce hutu ya zo," in ji Ɗanlami. "To me aka tanada?"

"Ni kake tambaya? Ɗanlami, masu digiri uku ma in za su yi ritaya sai sun ji ta bakina. Ka bar ni kawai. Nan da wata huɗu, in na zo wurin nan da ƙwai za ka riƙa soya min biyar-biyar."

A gaskiya ba shi da wani tsari a lokacin. Tsarin sai bayan kwana uku ya same shi, a hanyar Kano. Ya ɗauko Dakta Nu'uman, malamin harkar noma, tare da wani baƙonsa. Tun daga gada Dakta ya fara ba baƙon labarin wata irin gona da ke ciyar da kanta. A haƙa tafki a zuba kifi, a ɗora ɗakin kaji a samansa. Kashin kaji ya faɗa ruwa kifi su samu abinci, ruwan tafkin a shayar da alayyafo, alayyafo a ba kaji. Maikano ya rage gudu, ya kashe rediyo, har wata tirela ta yi ta danna masa ham bai ji ba.

Suna shiga Mariri Dakta ya ce, "Amma fa akwai abu ɗaya, wanda in mutum bai kiyaye shi ba ya kashe kansa. Abin nan kuwa shi ne..."

"Nan zan sauka, direba," in ji baƙon.

Dakta ya fita rakiya, suka ƙarasa maganar a bakin titi, Maikano yana hangen bakinsu yana motsi ta madubi. Da Dakta ya dawo mota sai ya jingina kai ya kama barci.

Da yamma Maikano ya zana wa matarsa Hansai gonar a ƙasan tsakar gida da tsinken tsintsiya. Hansai mutuniyar Lajawa ce, ta tashi cikin noma, kuma ita ce mai ɗan filin fadama a bakin kogi da ta gada wurin kawunta. Ta dubi zanen ta dube shi.

"Malam, wa zai ciyar da kajin?"

"Alayyafo."

"Alayyafon fa?"

"Ruwan kifi."

"Kifin fa?"

"Kashin kaji."

"To mu fa?"

"Ke dai ki nemi babbar jaka ki ajiye."

"Da wane kuɗin za a yi?"

Ya ɗan yi tari, ya ce da ajiyar nan da ake cire masa daga albashi a ƙungiyar ma'aikata. Hansai ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ajiyar nan ita ce kaɗai abin da suke da shi a duniya bayan gidan da suke ciki, ita suka sa rai za ta riƙe su kafin fansho ya fara zuwa.

"Duka?"

"Ai abin da ke haihuwa ba a ba shi rabi."

"To abu ɗayan nan da ka ce ba ka ji ba, ka tambayi Dakta mana."

"Ni? In tambayi yaron da ni na kai shi ɗaurin aurensa? Haba Hansai! Wanda ya ji tara, ai na goman ya ƙarasa da kansa."

Sati bai zagayo ba 'yan ƙwadago suka fara haƙa. Maƙwabcin filin, Garzali, mai noman tumatir ne, kuma ɗan gidan masunta, tun yana yaro yake cikin ruwa. Ya tsallako iyaka, ya gaishe da Maikano har da tambayar iyali da gajiya, sannan ya dumbuzi ƙasar ramin ya murza.

"Baba Maikano, nan fa yashi ne."

"Garzali, kai ka san tumatir, ni na san kimiyya. Ara min injin ban-ruwanka."

"Da na ba ka, wallahi, amma kwanansa uku a mace. Jibi zan kai shi Kano."

Maikano ya yi tsaki, ya sa aka ɗauko injin. Ya ja igiya sau ɗaya, ya karkata kunne. Ya zaro sifana daga aljihu, ya kwance kafireto ya hura, ya goge fulogi da bakin rigarsa, ya mayar. Injin ya tashi har yana rawa. Garzali ya saki baki.

"Baba, dama ka iya wannan?"

"Wannan har wani abu ne? Aikin direbobi ne. Ja tiyo mu ga ruwa."

Kafin la'asar tafki ya cika taf, Maikano ya zagaya shi sau uku hannu a baya. Washegari da ya biyo kafin ya wuce aiki, ya tarar babu ko ɗigo, sai wani ƙadangare a tsakiyar ramin yana gyaɗa masa kai. Garzali yana can cikin tumatirinsa ya sunkuya, kafaɗunsa suna girgiza.

"Alhamdu lillahi!" in ji Maikano da ƙarfi, don maƙwabta su ji. "Ashe abu ɗayan ke nan. Tamfol! Dama na zargi haka."

Aka sayo tamfol aka shimfiɗa, ruwa ya tsaya. Aka kira kafinta ya yi ɗakin kaji. Kafinta ya ce a kafa dirkokin a waje, a kan busasshiyar ƙasa. Maikano ya ce a'a, a cikin ruwa za su tsaya, a kan tamfol, don kashin ya riƙa sauka a tsakiya kowane kifi ya samu rabonsa ba tare da son kai ba. Kafinta ya ce shi dai an biya shi, ya yi yadda aka ce. Aka zuba kaji hamsin.

Ranar sayen kifi ce Maikano ya fi alfahari da ita. Ya sayi 'ya'yan tarwaɗa dubu, ƙanana kamar ɗan yatsa, sannan ya tsaya ƙyam ya ce ba zai motsa ba sai an yi masa gyara. Mai kifin ya ce ba a gyara a wannan sana'a. Maikano ya ce ko gyaɗar naira ɗari ka saya ana yi maka gyara, balle kifi dubu. Aka yi ta ja, har mai kifin ya gaji, ya kamfato wasu guda goma daga wani baho daban, kowanne ya kai tsawon tafin hannu, ya watsa masa a jarka.

"Ka ga iya ciniki," ya ce wa Garzali yana juye su a tafki. "Goman nan kyauta."

"Baba, cire su! Wallahi cire su yanzu. Tarwaɗa in ta fi 'yar'uwarta girma cinye ta take yi."

"Wannan tarwaɗar kogi ce, wadda ba ta da tarbiyya. Waɗannan a hannun mutane aka haife su."

"Baba, yunwa ba ta san wannan ba."

"Wace yunwa, ga abinci yana sauko musu daga sama?"

Abincin kuwa bai sauko ba. Alayyafo bai ko tsiro ba, kajin da aka ce shi za su ci suka yi kwana biyu suna kallon juna, a na uku suka fara tsigar gashin junansu. Kazar da ba ta ci ba kuwa ba ta da abin da za ta aika ƙasa. Hansai da ta zo ganin filinta ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Malam, kowa a gonar nan jiran wani yake. Wa zai fara?"

Maikano ya tafa hannu. "To ai abu ɗayan ke nan! Dole a tura motar kafin ta tashi." Ya tafi ya sayo abincin kaji buhu-buhu.

Kaji suka murmure. Amma kifi, in ya watsa ido cikin ruwa, sai ya ga kamar suna raguwa. Ya zauna ya yi nazari irin na manya, ya gano cewa kashin ne bai isa ba. Ya kwashi abin da ya rage na ajiya ya ƙaro kaji ɗari da hamsin, ya cusa su a ɗakin da aka yi don hamsin. A majalisa ya ce wannan shi ake kira faɗaɗa jari, Ɗanlami ya ce Allah ya sa alheri, ya miƙa masa shayi ba ƙwai.

Ruwan tafki ya zama kore, daga kore ya koma kalar da ba ta da suna. Wari ya tashi, irin wanda ke bin mutum har gida ya kwana a rigarsa. Da sassafe kifayen suka riƙa tasowa saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa.

"Baba, numfashi suke nema," in ji Garzali. "Ruwan ya ɓaci. A sauya shi."

"Numfashi a ruwa? Gaisuwa suke yi. Sun gane mai su."

Ya ɗebi ruwan nan mai kauri ya shayar da alayyafo, wanda ya fara kyau abinsa. Kwana biyu ganyen ya ƙone ƙurmus. Maikano ya ce irin ne ba shi da kyau.

Maƙwabtan fadama suka fara zuwa ƙorafin wari. Na farko da ya zo, Maikano ya ji injinsa yana tari daga nesa, ya ce a kawo, ya gyara don a rufe bakin mutumin. Nan da nan mutane suka gane hanya. In injinka ya lalace, sai ka ɗora shi a baro ka turo, ka tsaya ka toshe hanci ka ce gaskiya Baba warin nan ya yi yawa. Maikano ya yi tsaki ya zaro sifana. In an miƙa masa wani abu kuwa sai ya fusata.

"Ni na ce muku bakanike ne? Manomin zamani ne ni. Ɗauki injinka ka ba ni wuri."

Da ya rage sati biyu ya bar aiki, Maikano ya yanke shawarar a ƙaddamar da gona. Shekara talatin da huɗu yana kai manya wurin buɗe gine-gine, ya san yadda ake yi. Ya yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, ya ɗaura jan ƙyalle a bakin tsanin ɗakin kaji, ya ari almakashin tela. Ya gayyaci majalisar Ɗanlami kaf, da manoman fadama, da Dakta Nu'uman a matsayin babban baƙo, bai dai gaya masa ko mene ne za a buɗe ba. Hansai ta dafa zoɓo, ta zo da babbar jakar da aka ce ta nema, ta zauna a kujerar ƙarshe inda iska ke kaɗawa baya.

Dakta ya iso da hantsi ranar Asabar. Yana fitowa daga mota ya ja numfashi, ya zaro hankici. Ya dubi tafkin, ya dubi ɗakin kaji, fuskarsa ta sauya.

"Baba Maikano, wa ya tsara maka wannan?"

"Ranka ya daɗe, yanka dai tukuna, bayani na tafe."

Dakta ya yanka ƙyalle, aka tafa da hannu ɗaya-ɗaya don ɗayan yana kan hanci. Maikano, cikin farar babbar riga da ya ajiye tun auren 'yarsu, ya karɓi abin magana ya kama tsani. Ya ga manya ba sa jawabi a ƙasa.

"Baba, kar ka hau!" in ji Garzali. "Dirkokin nan wata uku suna jiƙe."

"Ku ji shi fa. Tun ranar farko yake cewa kar."

Ya hau, ya tsaya a ƙofar ɗakin kaji, ya gyara hannun riga.

"Jama'a, assalamu alaikum. Mutum iri biyu ne a duniya. Akwai wanda tsufa ke zuwar masa ba shiri, akwai kuma wanda tsufa ke zuwa ya tarar an shimfiɗa masa tabarma. Wannan gona da kuke gani ba ta buƙatar kowa. Ko ni nan da nake tsaye a kanta..."

Wani abu ya ce ƙaƙas. Kaji suka yi tsit. Dirka ɗaya ta durƙusa, ta biyun ta bi ta, ɗakin ya karkata a hankali kamar mai neman wurin zama, sannan ya tafi gaba ɗaya. Lasifika ta kai wa mutanen hayin kogi salatin Maikano da ƙarar faɗawarsa. Kaji ɗari biyu suka fashe ta ko'ina, wasu kan rumfa, wasu cikin tumatirin Garzali, ɗaya ta sauka a kafaɗar babban baƙo. Ɗanlami ya ruga ceto, santsi ya kwashe shi ya zauna a cikin bokitin zoɓo.

Karyayyun dirkoki suka yage tamfol, yashin da Garzali ya faɗa tun farko ya buɗe baki ya fara sha. Kafin a gama kama kaji ruwa ya ja baya, ya bar Maikano tsaye cikin caɓi har gwiwa, farar rigarsa ta zama abin da ba a faɗa, hula ta tafi. Jama'a suka matso bakin rami don su ga kifi dubu. Aka duba lungu da saƙo. Ga su nan suna birgima a taɓo, manya-manya, ƙosassu, kowanne ya kai damtsen mutum. Garzali ya ƙirga da yatsa.

"Goma ne, Baba. Gyaran ne."

Dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ƙwace. Har Dakta sai da ya juya baya. Maikano bai yi dariya ba. Ya share fuska da hannu, ya ɗaga kai ya dubi Dakta, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara tuƙi.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Ranar nan a Mariri, ka ce wa baƙonka akwai abu ɗaya. Don Allah mene ne?"

Dakta ya dafe kai.

"Inna lillahi! Baba, a mota ka ji? Ai cewa na yi, kada mutum ya kuskura ya zuba kuɗin ritayarsa a ciki. Gwaji muke yi. Namu ma sau uku yana mutuwa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Maikano ya zauna a kan karyayyar dirka. Ya dubi ramin, ya ga shekara talatin da huɗu na sammako da ciwon baya, ya ga koɗaɗɗiyar rigar da yake gudu tana jiransa. Tsoron da ya ɓoye a ƙarƙashin hula wata huɗu ya fito fili, kowa ya gan shi.

"Hansai," ya ce a hankali, "me za mu ci?"

Hansai ta taso, ta miƙa wa Garzali babbar jakar ya zuba kifin goma.

"Yau dai kifi," ta ce. "Fito ka wanke jikinka, Malam, mutane na kallo."

Garzali ya miƙa masa hannu ya jawo shi. Bai sake shi ba sai da ya ce, "Baba, in faɗi magana, ko ita ma kar ce?"

"Faɗi. Yau ranar ji ce."

"Fadamar nan akwai inji ya fi ɗari. Da, in ya lalace sai mu kai Kano, mu biya mota, mu biya gyara, tumatir yana nan yana ƙonewa. Wata uku ke nan ba wanda ya je. Mun yi ta toshe hanci muna cin arzikinka kyauta, har kunya ta fara kama mu. Ka kafa rumfa a nan, ka bari mu riƙa biya."

Manoman suka ce wallahi haka ne. Maikano ya dubi hannuwansa, waɗanda bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Ya daɗe yana dubansu. Can ya gyara murya.

"To ai dama tsarin ke nan. Kifin talla ne, don a san wurin."

"Malam!" in ji Hansai.

"To, na yi shiru."

Ran da zai ajiye aiki, tafiyarsa ta ƙarshe ita ce dawo da Dakta Nu'uman daga Kano. A hanya Dakta yana ba shi shawara kan rumfar gyaran, yadda zai riƙa sayo fulogi da sauran kaya a sari ya ajiye. Suna shiga harabar jami'a Dakta ya tattara takardunsa, ya kama marfin ƙofa yana cewa, "Sai dai fa akwai wani abu guda da ya kamata ka..."

Maikano ya danna makulli, ƙofofi huɗu suka ce ƙaras. Ya kashe mota, ya juyo gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ba inda za ka. Ƙarasa tukuna."